Fuskar Talaka a Fili, Takardarsa a Ɓoye

Ya ku 'yan'uwa talakawa, da ku 'yan kasuwa na Musawa da Jikamshi da Dangani, da duk inda wannan jarida ta ke kaiwa, ku saurara in ba ku labarin wani ɗan'uwanku. Ba zan faɗi sunansa ba, gama tonon sililin da aka yi masa ya isa haka nan.

Mai awo ne, ɗan jam'iyyarmu, shekara da shekaru yana sayen hatsi a kasuwannin ƙauye yana kaiwa Funtuwa. Bara da kaka, ranar wata kasuwa, ya sayi masara buhu huɗu a hannun wani saurayi, ya biya lakadan a gaban dillali. Kafin la'asar sai ga wani mutum tafe da 'yan sanda biyu, ya ce masarar tasa ce, daga rumbunsa aka ɗebe ta. Aka tasa ƙeyar mai awo zuwa wani caji ofis na wannan yanki namu. Can aka sa shi ya tuɓe riga, aka tsugunar da shi gaban buhunan, wani ya zaro waya ya ɗauki hotonsa. Kafin a kira isha'i hoton ya riga shi isa gida. Yana Facebook, yana WhatsApp, an rubuta a ƙarƙashinsa wai dubun ɓarawon masara ta cika. Kwana shida ya yi a bayan kanta. Ran na bakwai aka samo saurayin, ashe ɗan ƙanen mai masarar ne, dangi suka shiga tsakani suka kashe wutarsu a gida. Aka ce wa namu ya tafi, bayan 'yan'uwansa sun yi abin da a kan yi. Ba kotu, ba takarda, ba ko “yi haƙuri”. Masarar ba ta koma hannunsa ba, kuɗinsa ma haka.

Da ya huta ya koma wurin ubangidansa wanda ya saba ba shi jari. Mutumin ya buɗe waya ya nuna masa hoton, ya ce, “Malam, ni ban ce ka yi ba. Amma dukiyar nan ba tawa ba ce ni kaɗai. Kawo mini shaida cewa an wanke ka.” Nan ne fa ya zo ofishin reshe ya same ni, ya ce, “Akawu, ku ne masu boko. Samo mini takarda.”

Sau uku na je. Zuwan fari na yi sallama a kan kanta, na ce, “Ranka ya daɗe, na zo neman abin da aka rubuta game da kamun wane, ran kaza ga wata kaza.” Ɗan sandan ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “Kai lauya ne?” Na ce a'a. Ya ce, “To wa ya aiko ka?” Na nuna masa mai awo, ga shi tsaye a bayana. Ya ce babban ba ya nan. Zuwa na biyu aka ce littafin wancan wata ya cika, an kai sito, mai riƙe da makulli kuwa an yi masa canjin wurin aiki. Zuwa na uku wani dattijo cikinsu, mai mutunci, ya ja ni gefe ya ce, “Ɗana, magana ta wuce. Ku gode wa Allah ya fito lafiya. Kada ka tono abin da zai mai da shi ciki.” Na gane abin da ya ke nufi, watau ba a rubuta kome ba. A wurin hukuma mutumin nan bai taɓa kwana a hannunsu ba. A wurin duniya kuwa ɓarawo ne, ga hoto shaida.

To, jama'a, wannan shi ne abin da na ke kuka da shi. Abin da doka ta ce a adana a fayil, watau hoton mutum, shi a ke watsawa duniya. Abin da doka ta ce a ba mutum a hannunsa, watau takarda, shi a ke ɓoyewa, ko kuwa ba a rubuta shi sam. An sa wa doka riga a baibai, sa'an nan a ce mu ne ba mu san doka ba.

Bari in gaya muku abin da ke rubuce, don kada wani ya ce Akawu daga kansa ya ke faɗi. Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999, sashi na 35, ya ce duk wanda aka kama sai a sanar da shi dalilin kamunsa a rubuce, cikin awa 24, da harshen da ya ke ji. Ku lura, a rubuce, kuma da harshen da ya ke ji. A Musawa wannan harshe Hausa ce ko Fillanci. Cikinku wa aka taɓa miƙa wa irin wannan takarda? Sashin nan har wa yau ya ce in akwai kotun da za ta iya jin maganar a cikin kilomita 40, to a kai mutum gabanta cikin kwana ɗaya, in babu, kwana biyu. An cire wanda a ke tuhuma da laifin da hukuncinsa kisa ne daga wannan ƙa'ida ta kwanaki, kuma ta wannan ƙofa ce a kan wuce da mutane da yawa a zamanin nan na 'yan bindiga, da an ce wa mutum “infoma” shi ke nan. Amma masara buhu huɗu ba laifin kisa ba ce. Sashin ya kuma ce wanda aka tsare ba bisa doka ba yana da hakkin diyya, da neman gafara a bainar jama'a. To, yaya za ka nemi diyyar kwana shida alhali ba inda aka rubuta ka yi ko da awa guda?

A 2015 Shugaba Jonathan ya sa hannu a kan dokar tafiyar da shari'ar laifuffuka ta Tarayya. Sashinta na 15 ya jera abin da za a rubuta game da kowane kamamme: laifin da a ke zarginsa, ranar kamu da yadda aka yi, cikakken sunansa da sana'arsa da inda ya ke zaune, tsawonsa, hotonsa, da zanen yatsunsa, kuma a gama wannan duka kada a wuce awa 48. Sashi na 33 ya ce ranar aiki ta ƙarshe a kowane wata, shugaban caji ofis ya kai wa majistare mafi kusa lissafin duk waɗanda aka kama ba da waranti ba, ko an ba da belinsu ko ba a bayar ba. Sashi na 34 ya ce majistare ya taka da ƙafarsa ya je caji ofis aƙalla sau ɗaya a wata, ya ce a kawo masa littafin kamu ya duba, ya ba da beli inda ya dace, ya sa a kai wanda ya kamata kotu. Kada wani ya ce ai wannan ta Abuja ce. A watan Satumba na 2020 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, mutumin Daura, ɗan jiharmu, ya sa hannu a kan sabuwar Dokar 'Yan Sanda, ta maimaita waɗannan abubuwa kusan kalma da kalma, kuma ta hau kan kowane ɗan sanda a ƙasar nan, daga Sufeto Janar har kurtun da ke gadin ƙofa. Ta ƙara da cewa a sanar da dangin kamamme ba tare da an karɓi ko kwabo ba, kada a kama wani a madadin wani, kada a kama mutum a kan bashi ko saɓa alkawarin ciniki, a kuma rubuta kayan da aka karɓa a hannunsa a ba shi kofi. Da an yi wannan na ƙarshe kaɗai, da yau mun san inda masara buhu huɗu ta shiga.

Don me ba a rubutawa? Waɗansu za su ce rashin kayan aiki. Akwai gaskiya a ciki, ba na musu. Kowa ya san mai kai ƙara a kan ce ya sayo takarda da bangon fayil, ya zuba wa mota mai. Na san 'yan sanda na kirki waɗanda da albashinsu su ke sayen biro. Wannan abin kunya ne ga waɗanda su ke raba kasafin kuɗi suna sayen motoci masu baƙin gilashi. Amma wanda ya ke da wayar ɗaukar hoto da kuɗin data na sa shi a Facebook, bai rasa biro ba. Gaskiyar magana ita ce, kamun da aka rubuta ya zama na hukuma: majistare zai gani, sai an faɗi yadda aka ƙare da shi. Kamun da ba a rubuta ba kuwa haja ce ta wanda ya yi shi. Yana iya sayar da ita da daraja, yana iya yin rangwame, yana iya ajiye ta sai dangi sun sayar da akuya. Ku 'yan kasuwa kun fi ni sanin dalilin da ya sa yaron shago ba ya son littafin ciniki. A bangon caji ofis an manna cewa beli kyauta ne. Kun taɓa ganin an ba da rasit na kyauta?

Maganar hoton kuwa, ita ma ba a bar ta ba hukunci. Sashi na 36 na Tsarin Mulki ya ce duk wanda a ke tuhuma marar laifi ne sai kotu ta tabbatar. Jihar Ikko ta hana jera waɗanda a ke tuhuma gaban 'yan jarida tun 2021, ta sa a dokarta. A 2025 Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sake jaddada wa rundunarsa cewa an hana wannan al'ada kafin a kai mutum kotu. Madalla. Sai dai umurnin ya hana teburi da makirufo, bai kai ga wayar da ke aljihun kowa ba. Ga kuma 'yan sa kai da 'yan sintiri iri iri, kowa da igiyarsa, kowa da wayarsa. Ku lura kuma da irin fuskokin da a ke nunawa. Kullum mai silifas ne, ba riga, a tsugune. Wanda ya wawure kuɗin takin ƙaramar hukuma guda, in ma an kai shi kotu, da babbar riga ya ke zuwa, yana ɗaga wa magoya bayansa hannu.

Mu koma kotu, gama can ne takarda ta fi samuwa, in ka san hanya. Kowace shari'ar laifi tana da lamba. Wannan lamba ita ce igiyar da za ka ja, in ba ka riƙe ta ba ka sha yawo. A kotun majistare shari'a ta kan fara da takardar ƙarar farko wadda 'yan sanda su ke kawowa, ita ce a ke karanta wa mutum a tambaye shi ko ya amsa. Tun ran nan ka sa wani naka mai karatu ya rubuta lambar, da sunan kotun, da ranar da aka ɗaga. Zaman kotu a fili a ke yi, ba mai hana ka shiga ka zauna. Sashi na 36 ya ce kotu ta rubuta duk abin da ya gudana, kuma wanda aka yi wa shari'a, ko wanda ya wakilta, yana da hakkin karɓar kofin hukunci cikin kwana 7 da gamawa. Bai ce sai lauya ba. Wannan ya hau kan kotun majistare, ya hau kan kotunan shari'ar Musulunci waɗanda jiharmu ta kafa a 2000, ya hau kan Babbar Kotu ko a Katsina ta ke zaune ko a Funtuwa. Hanyar ita ce ka rubuta wa rajistara wasiƙa, ka biya kuɗin da aka ƙayyade, ka karɓi rasit, a ba ka kofi wanda aka buga wa hatimi aka sa hannu cewa daidai ya ke da na asali. Dokar Shaida ta 2011 ita ta ba irin wannan kofi ƙarfi. Kofin da ba hatimi, ƙunshin ƙosai ne.

Ga abin da ya sa na ke matsa muku a kan wannan. Mutum ya kan fito kotu yana murna ya ce, “An sallame ni.” To, sallama iri biyu ce. Akwai wadda aka kori ƙara don mai gabatarwa bai zo ba ko bai kawo shaidu ba, wannan ana iya sake kama ka a kanta gobe. Akwai wadda aka ji shaidu aka wanke ka, wannan ta mutu har abada, gama Tsarin Mulki ya ce ba a yi wa mutum shari'a sau biyu a kan laifi guda. Amma ku dubi yadda aka rubuta shi: wanda ya nuna cewa an riga an yi masa shari'a. Nunawa fa. Da me za ka nuna? Da rantsuwa? Alƙalin da ya yi shari'ar an yi masa canji, ɗan sandan ya yi ritaya, abokin gabarka kuwa yana nan, ya sami sabon ubangida. Ran nan takardar da ka ƙi biya wa kuɗi kaɗan ita za ka nema da kuka.

Gidan yari, wanda tun 2019 aka sake wa suna gidan gyaran hali, shi ne inda na ga ba a wasa da takarda wajen shiga, domin gandiroba ba ya karɓar mutum sai da warantin kotu. Wajen fita ne a ke ɓata. A ƙasar nan kusan biyu cikin kowane uku na waɗanda ke tsare ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a su ke yi. Da yawansu majistare ne ya aika da su ajiya a kan laifin da ba shi da ikon ji, aka ce an tura fayil Ma'aikatar Shari'a neman shawara. Fayil ya kama hanya, ko ya isa ko bai isa ba, mai bincike an kai shi wata jiha, mutum yana zaune a Funtuwa ko Katsina damina tana wucewa, gonarsa ta zama saura. Sai Babban Joji ya zo ziyara a tarar da wanda ya daɗe fiye da ɗaurin da za a yi masa in da ma an same shi da laifin. A sake shi a yi tafi, a buga a jarida. Wanda ya ɓatar da fayil ɗin kuwa ba a ko tambayi sunansa ba.

Kada ku ce hukuma ba ta iya ajiya ba. Ta iya sarai in da kuɗi a ciki. Je ka nemi takardar shaidar hali don tafiya ƙasar waje, ka ga yadda za a ɗauki yatsunka goma, a karɓi kuɗinka ta intanet, a duba rajistar masu laifi, wadda tun da daɗewa a ke dangantawa da Alagbon a Ikko, a ba ka amsa. Dokar 2015 ta ce kowace jiha ta kasance da irin wannan rajista, kuma a aika da hukuncin kowace shari'ar laifi cikin kwana 30. Mai fasfo yana samun takardar cewa ba shi da laifi. Mai awo da aka tsugunar a gaban buhu, shi da ya fi kowa bukatarta, an ce ya gode wa Allah.

Dattawanmu da suka ga zamanin En'e su kan ba mu labarin 'yan doka da dogarai, da kotunan alƙalai inda ba a yarda lauya ya shiga ba. Tun da aka kafa NEPU a Kano ran 8 ga Agusta 1950, mabiyan Malam Aminu Kano suka sha ɗauri da bulala a kan taro ba izini da abin da a ke kira zagin sarakuna. Hajiya Gambo Sawaba kaɗai sau 16 a ke lissafa mata shiga kurkuku. Ba ni ne zan yabi wancan zamani ba, Allah ya kiyaye. Amma ko a lokacin akwai muhuti zaune kusa da alƙali yana rubutawa, Di'o kuma in ya fito rangadi ya kan ce a kawo littafin kotu ya duba. Zalunci ne, amma zalunci mai rajista, shi ya sa jikoki su ke iya bin sawunsa. Fayilolin Lardin Katsina suna nan a gidan adana takardun tarihi na Kaduna. Wani Ba'amurke mai suna Allan Christelow ya ɗauki littafin majalisar shari'a ta Sarkin Kano Abbas, na wajen 1913 da 1914, ya fassara shari'o'in daga Larabci ya buga a 1994. Watau yau ɗalibi a Amurka yana iya karanta wanda ya kai ƙarar wa a Kano fiye da shekara ɗari da goma da suka wuce, da abin da Sarki ya yanke. Ni kuwa, da ƙafata da babur ɗina, na kasa samun layi ɗaya a kan kamun bara. Bayan juyin mulkin 1966 aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, aka ce an yi haka don talaka ya huta. An sake kaki, an sake suna. Littafin fa?

Tun da na ambaci Amurka, bari in ƙara. A 1956 jami'an tsaro a birnin Montgomery suka kama baƙaƙen fata masu ƙaurace wa motocin haya saboda wariyar launi, cikinsu har da Rosa Parks da Martin Luther King. Aka ɗauki hoton kowa riƙe da lamba, ta Rosa Parks 7053. A 2004 wani jami'i yana share ɗakin ajiya ya tarar da hotunan. Abin da aka ɗauka don wulakanci ya zama shaida a kan waɗanda suka yi kamun. A can ko Donald Trump, bayan ya sauka daga mulkinsa na fari, sai da aka ɗauki hotonsa na kamu a gidan yarin Fulton ran 24 ga Agusta 2023. Amma kada mu ce kome nasu alheri ne. A jihohinsu da yawa hoton kamu a buɗe ya ke ga kowa, har waɗansu 'yan cuwa-cuwa suka mai da shi sana'a, su kwashe hotuna su baza a intanet, sai ka biya su cire naka, ko da kotu ta wanke ka. Wannan ba ma so. Mu abin da mu ke nema, hoto ya zauna a fayil, takarda ta zo hannun mai ita da danginsa da lauyansa da majistare.

Na san abin da 'yan barandan masu mulki za su ce. Za su ce ƙasa tana cikin yaƙi da 'yan bindiga, Akawu yana so a tona asirin bincike. Mu ne fa a ke sacewa a gona, mu ne mu ke harhaɗa kuɗin fansa, ba wanda zai koya mana zafin abin. Ba mu ce a faɗi sunan wanda ya tsegunta ba, ba mu ce a buɗe fayil ɗin bincike ga kowa ba. Dokar 'Yancin Samun Bayani ta 2011 da kanta ta keɓe irin waɗannan. Amma cewa wane yana hannunmu, tun ran kaza, a kan zargi kaza, wannan ba asiri ba ne ga matarsa. Kuma littafin da ya kare marar laifi shi ne ya ke riƙe mai laifi. Sau nawa kuka ji an kama wani da kowa ya san aikinsa, bayan sati biyu a gan shi a kasuwa yana cin tsire? In an rubuta shi, majistare ya gani, sai wani ya amsa tambaya kafin ya fita. Ƙofar da mai awo ya shiga ba rubutu, ta nan ɗan bindiga ya ke fita ba rubutu.

Wannan doka ta 2011 ku riƙe ta. Ta ce kowa yana iya rubuta wa ofishin gwamnati ya nemi bayani, ba sai ya faɗi dalilinsa ba, a ba shi amsa cikin kwana 7, in an hana a faɗi dalili a rubuce, yana kuma iya kai ƙara kotu. Wanda bai iya rubutu ba, wani ya rubuta masa. Shekara da shekaru jihohi suna faɗin ba ta shafe su ba, sai a watan Afrilu na 2025 Kotun Ƙoli ta yanke, a wata shari'a da ta taso daga Jihar Edo, cewa ta hau kansu su ma.

Yanzu in juyo kanmu, gama ba a gyara gida da zagin maƙwabci kaɗai. Wa ya tura hoton mai awo daga waya zuwa waya? Mu ne. Har cikin 'yan jam'iyya na ga waɗanda suka tura suna Allah wadai, ba wanda ya tsaya ya tambaya. Kuma mu ne mu ke roƙo, “Don Allah Yallaɓai, kada a rubuta, a kashe maganar a nan,” don tsoron kada a ce ɗan gidan wane ya shiga littafin 'yan sanda. Mu biya kuɗi a ƙi rubuta mu, sa'an nan mu dawo muna neman takarda. A makarantar mishan da na yi, malaminmu ya kan kira suna kowace safiya, wanda bai amsa ba a sa masa alama, in ya kwana biyu a aika gidansu a ji ko lafiya. Muna yara mun ɗauka don bulala a ke yi. Sai da wani yaro ya ɓace a hanyar rafi aka gane da wuri saboda rajistar nan, na san amfaninta.

Saboda haka muna tambayar majistarorin da ke kula da wannan yanki: yaushe rabonku da duba littafin kamu? Muna roƙon Babban Jojin Jiha ya sa a riƙa manna ranar ziyarar a ƙofar kotu, yadda dangin waɗanda ke tsare za su zo su tsaya. Muna tambayar ɗan majalisarmu na Musawa da Matazu, da na majalisar jiha, da kansiloli: cikin ayyukan mazaɓa da a ke rabon babura da buhunan shinkafa, an rasa kuɗin littafi mai bango da akwatin ƙarfe ga kowane caji ofis da kowace kotu? Wanda ba shi da kuɗin lauya kuwa, akwai Hukumar Ba da Agajin Lauyoyi da Hukumar Kare Hakkin Ɗan Adam, duka suna da ofis a Katsina, don ku aka buɗe su.

Mu dai a reshen Musawa ba za mu jira ba. Kwamiti ya yarda, na sayo littafi mai shafi 200, na ja layi. Daga wannan mako, duk wanda aka kama masa ɗa ko miji ko yaron shago, ɗan jam'iyya ne ko ba ɗan jam'iyya ba, ya zo ofis ko ya aiko a ranar. Za mu rubuta suna, da rana da sa'a, da inda aka kama shi, da inda aka kai shi, da abin da aka karɓa a hannunsa, da shaidu biyu su sa hannu ko su dangwala. In an kai kotu mu ƙara lamba. Littafin yana kulle a wurina, ba mai ganin shafin wani sai mai shi. Ƙarshen kowane wata za mu rubuta wa majistare wasiƙa da lissafinmu, ya gwada da wanda aka kai masa. Shafi na fari na mai awo ne, ya riga ya dangwala, dillalin da aka yi cinikin a gabansa shi ma ya sa hannu, kuma wasiƙarsa ta neman bayani ta tafi Katsina ranar Litinin. Ofis yana buɗe daga ƙarfe 9 na safe zuwa la'asar, ranar kasuwa har magariba.

Magatakardan Reshe, Musawa